Lalurar Rashin Riƙe Fitsari: Hukuncinta da Haƙƙin Masu Jinya a Gidajenmu

A garuruwan Gwarzo da Kabo, da ƙauyukan da ke kewaye da su kamar Getso da Garo, tsoho a gidansa yake tsufa, a hannun iyalinsa. Ba mu saba da kai iyaye gidan gajiyayyu ba, yadda ake yi a Ingila ko Amurka, inda ake ɗaukar ma'aikata a horar da su kan wannan aiki. Ma'aikatanmu su ne matar aure, da 'ya, da matar ɗa, da jika ɗan makarantar Islamiyya. Daga cikin abubuwan da suke fama da su akwai lalurar da kunya ta hana mu ambatonta: tsoho ko mara lafiya ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida. Shirun da muke yi yana da tsada. Sau da yawa a kan tarar da dattijon da ya shekara 50 a sahun farko ya daina salla, don yana ganin ba shi da tsarki, babu kuma wanda ya sanar da shi cewa shari'a ta riga ta yi masa sauƙi.

Abin da littattafanmu suka ce

Malaman fiƙihu suna kiran wannan lalura salas, kuma ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 386 bayan hijira, ya ci karo da ita tun a babin alwala. A mazhabar Malikiyya ana duba yawan lokacin da abin yake ɗauka. Idan fitsarin yana zuwa a mafi yawan lokaci ko rabinsa, ba ya warware alwala. An so dai mutum ya sabunta ta a kowace salla, matuƙar hakan bai zama wahala ba, kamar a tsananin sanyin hunturu. Idan kuwa yankewarsa ta fi zuwansa yawa, to yana warwarewa, sai mutum ya nemi lokacin da ya yanke ya yi alwala ya sallata. Game da tufafi da jiki, malamai sun ce abin da ke fita babu zaɓi, yana kuma zuwa kowace rana ko da sau ɗaya ne, an yi rangwame a kansa.

Asalin wannan sauƙi yana cikin Sunna. Faɗimatu bint Abi Hubaish ta kai wa Annabi (SAW) kukan jinin da ba ya yankewa, bai kuwa umarce ta da barin salla saboda shi ba. Imrana ɗan Husaini, da basir ya dame shi, an ba shi damar ya yi salla a zaune, in ya kasa ya yi a kan gefensa. Wanda ruwa zai cutar da shi sai ya yi taimama. Risala ta kuma ambaci cewa mai ciwon ciki yana iya haɗa salloli biyu idan hakan ya fi masa sauƙi. Saboda haka, muddin hankali yana nan, salla tana nan. Wanda gigin tsufa ya ɗauke masa hankali gaba ɗaya kuwa, an ɗauke masa alƙalami, kada a tsananta masa.

Tsufa ne ko ciwo?

Mukan ce ai tsufa ne, mu naɗe hannu. Alhali sau da yawa akwai sanadin da ake iya magancewa. A wajen maza, kumburin ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda likitoci ke kira furostet, yakan tare hanya har fitsari ya riƙa ɗiga. Ciwon suga yana ƙara yawan fitsari, haka ma wasu magungunan hawan jini. Ƙwayoyin cuta a mafitsara, da taurin bayan gida, da shanyewar ɓarin jiki, duk suna kawo shi. A wajen mata akwai raunin da yawan haihuwa ke bari, da yoyon fitsari da ke biyo bayan doguwar naƙuda, wanda ake ɗinke shi a Asibitin Murtala da ke Kano da cibiyar Babbar Ruga da ke Katsina. Matakin farko shi ne a kai mara lafiya Babban Asibitin Gwarzo ko asibitin da ya fi kusa, a auna shi. Idan fitsari ya tsaya cak, ko aka ga jini a ciki, ko zazzaɓi ya zo tare da ruɗewa, wannan ba abin jira ba ne.

Aikin yau da kullum

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rage wa tsoho ruwan sha don kada ya ɓata shimfiɗa. Fitsarin sai ya yi kauri, ya ƙara wari, ya ƙone fata, ga kuma haɗarin bushewar jiki a zafin bazara. A ba shi ruwa isasshe da rana, a sassauta idan dare ya yi. A riƙa kai shi kewaye bayan awa 2 ko 3 ba tare da an jira ya nema ba. Lokutan salla biyar ma sun isa su zama ma'auni. Tsugunno a bakin masai yana wahalar da mai ciwon gwiwa, don haka kujerar da aka huda da fo a ƙarƙashinta, kusa da gado, tana rage aiki ƙwarai.

Ga wanda ke kwance, a shimfiɗa leda a ɗora zani mai taushi a kanta, kada fata ta taɓa ledar. Da zarar ya jiƙe a sauya, a wanke da ruwa mai ɗumi daga gaba zuwa baya, a tsane a hankali, a shafa man kaɗanya ko Vaseline. A juya shi duk bayan awa 2, a duba ƙugu da ɗuwawu da dunduniya, domin jan da bai gushe ba shi ne farkon gyambon kwanciya. Ƙunzugun manya yana taimakawa idan da hali, amma barinsa a jiki wuni guda don tsimi ya fi rashinsa illa.

Al'aura da mutunci

Asali shi ne namiji ya kula da namiji, mace ta kula da mace, ko miji da mata su kula da juna. Idan babu makawa, lalura tana halatta abin da aka hana gwargwadon buƙata: a rufe ƙofa, a buɗe iya wurin da za a wanke, a sa safar hannu. Taɓa najasa ba ya warware alwalar mai jinya, wanke wurin ya wadatar. Abin takaici, a gidaje da dama 'ya'ya maza sun tafi ci-rani ko suna zaune a birni, an bar matar ɗa, wadda ko sunan surukinta ba ta iya faɗa, da aikin da ɗansa ne ya kamata ya yi.

Harshe ma yana da nasa hukunci. Aya ta 23 a Suratul Isra'i ta hana ko da nuna ƙosawa ga iyaye idan sun tsufa. Ranar da baƙauye ya yi fitsari a masallacin Madina, Annabi (SAW) ya hana a tsawata masa, ya sa aka zuba ruwa a wurin. Tsohon da bai yi da gangan ba ya fi cancantar wannan tausasawa. Kada a yi masa faɗa, kada a ba da labarinsa a tsakar gida, kada a bar yara su yi masa dariya.

Wa ke kula da mai kula?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matar da ke tashi sau uku a dare, ta wayi gari da wanki da girki, ƙarfinta zai ƙare, haƙurinta ya biyo baya. Ya kamata 'yan uwa su zauna su raba kwanaki, wanda ke nesa ya ɗauki nauyin sabulu da safar hannu da kuɗin asibiti. Idan an ɗauko wata don ta taya aiki, a yanka mata lada bayyananne, a biya ta a kan lokaci. Limamanmu na Juma'a da malaman zaure su riƙa bayanin babin salas a fili, malaman Islamiyyar matan aure su gayyato ma'aikatan lafiya su koyar da yadda ake juya majinyaci da wanke shi. Masu hali kuma su tuna cewa gidan talakan da ke da majinyaci a kwance yana cikin waɗanda suka fi cancantar zakka da sadaka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.