Ƙarina, Shaidar Da Ba Ta Da Baki

Godiya ta tabbata ga Allah mai hukunci da gaskiya, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, da ku fatake da 'yan kasuwa, maganarmu ta wannan mako a kan ƙarina take, watau alamar da ake kafa hujja da ita a kan abin da ba wanda ya gani da idonsa. Mas'ala ce ta zauren alƙali, amma kuwa da wuya kasuwa ta ci ta watse ba a yi hukunci da ita ba, a bakin rumfa ko a kara. Saboda haka ya kamata kowa ya san iyakarta, domin da ita ake mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa, da ita kuma aka sha zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba.

Hanyoyin tabbatar da da'awa waɗanda kowane almajirin fiƙihu ya sani su ne iƙirari da shaidu da rantsuwa. Mai shaida yakan ce, na ga wane yana kwance akuyar nan. Ita ƙarina ba ta faɗin haka. Abin da ake da shi kurum, an ga akuyar a gidan wane da asuba, an kuma bi sawunta daga turke har ƙofarsa. Daga nan sai hankali ya ƙarasa abin da ido bai gani ba, ya ce lalle wane ne ya kwance ta. Sau da yawa hankalin yakan dace, gama ruwa ba ya tsami banza. Wani sa'in kuwa akuyar da kanta ta tsinke ta shiga gidan, ko ɓarawon ya ji motsi ya jefa ta can ya tsere.

Ku dubi ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata gare shi, za ku ga an kafa hujja da rigarsa sau biyu. Karo na fari 'yan'uwansa suka kawo ta da jini, suka ce kyarkeci ya cinye shi. Masu tafsiri sun ce Annabi Yaƙubu ya duba rigar ya tarar ba yaga ko ɗaya, ya gane jinin na ƙarya ne, don dabba ba ta cin mutum ta bar rigarsa lafiya. Karo na biyu a gidan Azizu na Masar, aka ga rigar ta baya ta yage, aka gane shi ne mai gudu, ba shi ne mai nema ba. Imamu Ƙurɗubi ya kafa hujja da wannan a tafsirinsa cewa ya halatta a yi aiki da alamu. Amma ku lura, jama'a, ƙissar da ta halatta aiki da alama ita ce kuma ta nuna ana iya ƙera alama da gangan, kuma ba abin da ya tona jinin ƙaryar sai wata alama ta biyu da aka tsaya aka duba.

Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yalwata aiki da ƙarina a sha'anin dukiya. Ibnu Farhun, alƙalin Madina wanda ya rasu a 799 ta Hijira, ya jero mas'aloli masu yawa na irin wannan a littafinsa Tabsiratul Hukkam. Wanda ya zo neman tsintuwa, in ya siffanta jakar da maɗaurinta daidai, akan ba shi ba tare da an nemi shaidu ba, domin da wuya wanda ba nasa ba ne ya san sirrin abin. In miji da mata suka yi jayayya a kan kayan gida ba mai shaida, akan bai wa mace abin da aka saba na mata ne, namiji abin da aka saba na maza ne, kowa da rantsuwarsa. Haka kuma hauzi: wanda ya riƙe gida shekara 10 yana sarrafa shi, ga wani bare yana nan yana gani, bai yi magana ba alhali ba abin da ya hana shi, to ba za a saurari da'awar baren nan ba bayan haka. Shirunsa ya zama shaida a kansa.

Da aka zo kan jini kuwa sai suka ƙuntata ƙofa, domin dukiya in an ba da ita bisa kuskure ana iya karɓowa, rai ba ya komowa. Alama mai ƙarfi a kan kisa ita suke kira lausu, kamar wanda aka yi wa rauni ya ce kafin ya cika, jinina yana wuyan wane. Duk da haka lausu kaɗai ba ya wajabta ƙisasi, sai magada jini sun yi ƙasama, watau rantsuwa 50. Samun gawa a unguwar wasu mutane kuwa ba lausu ba ne a wurin Imamu Maliku, don makashi yakan yar da gawa a ƙofar waninsa domin ya kau da zargi daga kansa.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 ta Hijira, yana cikin malaman da suka fi kowa kare aiki da ƙarina. Amma shi ne kuma ya kawo labarin mutumin da aka kai wa Sayyidina Aliyu, an same shi a cikin kango da wuƙa jina-jina a hannu, ga gawa a gabansa. Ya amsa laifi, har za a kashe shi sai ainihin makashin ya fito ya tona kansa. Ashe mahauci ne, ya yanka saniya, fitsari ya matsa masa ya shiga kangon da wuƙarsa, ya yi kiciɓis da gawar. Da ya ga ba wanda zai gaskata shi sai ya sallama. Wuƙar gaskiya ce, jinin ma gaskiya ne, fassarar da aka yi musu ita ce kuskure.

Mun ga nauyin wannan mas'ala a ƙasarmu. A mazhabar Maliku cikin matar da ba ta da miji ƙarina ce ta zina, alhali Abu Hanifa da Shafi'i ba su tsayar da haddi da ciki kaɗai. A watan Maris na 2002 kotun Shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa, babbar kotun Shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da shi a watan Agusta. A ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta rushe hukuncin, alƙalai 4 suka rinjayi 1. Cikin dalilansu akwai mas'alar kwantaccen ciki, cewa a mazhabar ciki yana iya daɗewa har shekara 5, ita kuwa ba ta kai haka da rabuwa da mijinta ba, saboda haka ana iya jingina abin da ta haifa ga tsohon mijin. Da wannan ƙofa ta samu sai shubuha ta shigo, haddi kuwa ana tunkuɗe shi da shubuha.

Kotunan gwamnati ma haka suke bi. Ƙa'idarsu ita ce ana iya ɗaure mutum da alamu ko ba wanda ya gan shi, amma da sharaɗin alamun su haɗu su nuna shi kaɗai, ya zama ba wata fassara ta hankali da ta rage. A nan akwai abin da ya shafe ku kai tsaye, ya ku 'yan kasuwa. Sashe na 167 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya ba kotu damar ɗauka cewa wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan satar, ko shi ne ɓarawon ko ya karɓa da saninsa, sai fa in ya bayyana yadda kayan suka zo hannunsa. Don haka wanda zai sayi sa ko babur ko wayar hannu ya saya ta hannun dillali sananne, a gaban mutane, ya karɓi rasit ya adana. Araha ta wuce kima da ciniki cikin dare su kansu ƙarina ne a kan mai saye.

Ilmin zamani ya zo da ƙarinoni waɗanda magabata ba su sani ba, kamar zanen yatsa da gwajin ƙwayoyin halitta. Wani malamin Jami'ar Lesta ta Ingila mai suna Alec Jeffreys ya gano wannan gwaji a 1984. Da aka fara amfani da shi a binciken kisa a 1986, aikinsa na fari wankewa ne. Wani saurayi ɗan shekara 17 ya riga ya amsa cewa shi ya kashe wata yarinya, gwajin ya nuna ba shi ba ne, aka sake shi, aka ɗaure ainihin makashin a 1988. Ga ƙarina ta ƙaryata iƙirari, kamar yadda aka so a samu a labarin mahauci. Duk da wannan ƙarfi, majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ta zauna a Makka a 2002 ta yarda a dogara da gwajin a binciken laifuka, amma ta keɓe haddi da ƙisasi. Dalili a fili yake: gwajin yana iya tabbatar da cewa jinin wane ne a wurin, ba ya faɗin yadda aka yi ya zuba.

To, in alƙalai masu ilmi suna wannan taka-tsantsan, ina ga taron kasuwa da ke hukunci da ihu? A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, 'yan sintiri suka tare wata babbar mota da ta taso daga Fatakwal za ta Arewa, suka sami bindigogin gargajiya a ciki. Aka ce masu satar mutane ne, taro ya far musu, aka kashe mutum 16. Ashe mafarauta ne masu komawa gida yin Sallah. Bindiga tana hannun ɗan fashi, tana kuma hannun maharbi, ba wanda ya tsaya ya tambaya wanne ne a cikinsu. Kada kuma mu ɗauka abin na wasu ne, gama a kasuwanninmu ma kalmar ɓarawo in ta fita daga baki ɗaya takan ishe a kashe mutum kafin a san abin da ya ɗauka.

Abin da za mu riƙe shi ne, duk wanda alama ta zo masa ya tambayi kansa, shin wannan alama tabbatacciya ce ko labarinta na ji? In tabbatacciya ce, akwai wani abu dabam da zai iya haifar da ita? Akwai mai cin riba in an ɗora ta a kan wannan bawan Allah? Sa'an nan ya saurari wanda ake zargi, don sau da yawa amsar tana bakinsa. Kama da wane ba wane ba ce. Malami ya kiyaye wannan kafin ya ba da fatawa, uban gida kafin ya kori yaron shagonsa don kuɗi sun yi giɓi, mai unguwa kafin ya miƙa baƙo ga samari. In alama ta yi ƙarfi a kai ta gaban hukuma, a bar wa alƙali awonta, shi ne aka ɗora wa wannan nauyi, shi kuma za a tambaya gobe Ƙiyama.

Allah ya ba alƙalanmu basira, ya tsare mu daga ɗaukar alhakin wani a kan zato, ya kai matafiyanmu gida lafiya. Amin. Haza wasalam.