Robar fitsari: Mai ceton rai da ba a so ta daɗe a jiki

Ma'aikata da dama a Abuja kan ɗauko iyayensu daga gida domin jinya, kuma sau da yawa akan fita daga ɗakin tiyata ko sashen kulawa ta musamman da robar fitsari. Masu jinya sukan zuba ido ga ƙarin ruwa da allurai, alhali wannan siririyar roba na cikin abubuwan da suka fi buƙatar kulawa.

Nau'in da aka fi amfani da shi na ɗauke da sunan Frederic Foley, likitan Amurka da ya fito da shi a shekarun 1930. Ana zura robar har cikin mafitsara, sannan a cika wani ɗan balan-balan da ke bakinta da ruwa mai tsabta domin kada ta zame. Tana ceton dattijon da kumburin furostet ya toshe wa fitsari. A asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, Dakta Kees Waaldijk ya nuna cewa sanya ta da wuri kan warkar da wasu matan da suka samu sabon yoyon fitsari, ba tare da tiyata ba.

Sai dai hanyar da fitsari ke fita ita ce ƙwayoyin cuta ke bi su shiga. Hukumar CDC ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan kashi 75 cikin 100 na cututtukan mafitsara da ake ɗauka a asibiti suna da alaƙa da robar, kuma haɗarin na ƙaruwa kowace rana. Daga mafitsara cutar kan haura ƙoda, ta shiga jini.

Aikin nas shi ne wanke hannu kafin taɓa robar da bayan haka, ɗaure ta a cinya, da tsabtace wurin da ruwa da sabulu kullum. Jakar fitsarin ta kasance ƙasa da mafitsara, amma kada ta taɓa ƙasa, kuma ba a raba ta da robar babu dalili. Wani kuskure da 'yan uwa kan yi shi ne ɗora jakar a kan gado yayin juya majinyaci, fitsarin ya koma ciki. Zazzaɓi, ciwon mara, jini ko tsayawar fitsari, alamu ne da ake kai wa nas nan take.

Akwai kuma batun mutunci. Dattijon da kunya ta hana shi magana na buƙatar labule, da bayani cikin harshen da yake ji, da neman izininsa kafin a buɗe masa jiki.

Ba a barin roba don kawai a huta da sauya zanin gado. Duk safiya idan likitoci sun zo zagaye, haƙƙin mai jinya ne ya tambaya: har yanzu ana buƙatarta?