Takardun shaidar tsaro na shafukan intanet da bambancinsu

Takardar shaidar tsaro, wadda ake kira SSL ko TLS, ita ce ke sa adireshin shafi ya fara da https. Aikinta sakaye bayanan da ke kai-komo tsakanin waya da shafin, ta yadda mai leƙe a tsakani ba zai iya karanta lambar sirri ba. A gari kamar Dakoro, inda kuɗin cinikin dabbobi da saƙon 'yan ci-rani ke bi ta waya, yana da kyau a san iyakar abin da takardar ke tabbatarwa.

Iri uku ne, kuma ƙarfin sakaye bayanai ɗaya ne a cikinsu. Bambancin yana ga binciken da aka yi wa mai shafin kafin a ba shi.

Ta farko, DV, ita ta fi yawa. Abin da ake dubawa kawai shi ne ko mai nema yana da iko da adireshin. Na'ura ce ke yin aikin cikin 'yan mintuna, kuma tun 2015 wata cibiya mai suna Let's Encrypt ke bayar da ita kyauta. Hakan ya amfani ƙananan shafuka ƙwarai, sai dai ɗan damfara ma yana samunta ba wuya. Shafin bogi mai kwaikwayon banki ko mai alkawarin tallafi yana iya ɗauke da https, ya kwashe kuɗin mutane.

Ta biyu, OV, sai an tabbatar kamfanin ko hukumar na da rajista da mazauni, sannan a rubuta sunanta a cikin takardar. Ta uku, EV, bincikenta ya fi tsanani, ta fi tsada, bankuna da manyan kamfanoni suka fi nemanta.

A da sunan mai EV yakan fito ɓaro-ɓaro kusa da adireshi, amma manhajojin buɗe shafuka Chrome da Firefox sun cire shi a 2019. A 2023 Chrome ta cire hoton kwaɗon kulle da ke kusa da adireshin https ma, domin jama'a na ɗaukarsa shaidar amana. Yanzu sai an shiga bayanan takardar ake ganin sunan kamfani, abin da ya fi sauƙi a kwamfuta fiye da a waya. Mai waya dai abin dogaronsa karanta adireshin harafi-harafi, musamman idan ta WhatsApp aka turo shi. Shafukan ma'aikatun gwamnatin Nijar galibi da gouv.ne suke ƙarewa.