Hafsat, 'Yar Kudirat

Da safiyar Talata, 4 ga Yuni, 1996, wasu 'yan bindiga suka tare wata mota a wajen Oregun da ke Ikeja, a Legas, suka yi mata ruwan harsashi. Matar da ke ciki, Alhaja Kudirat Abiola, harsashi ya same ta a ka, rai ya yi halinsa. Direbanta ma bai tsira ba. A can Amurka kuwa, 'yarta Hafsat, mai shekara 21, saura 'yan kwanaki a yi bikin kammala karatunta a Jami'ar Harvard. Ranar da kowace uwa ke jira ke nan, ta ga wahalarta ta yi rana. Kudirat ba ta gani ba.

Da yawa daga cikinmu a Arewa ba su san cewa Kudirat haifaffiyar Zariya ba ce. A can aka haifi wannan Bayarabiya a 1951, kafin ta zama mata ta biyu ga hamshaƙin attajirin nan Moshood Abiola, ta haifa masa 'ya'ya bakwai. Da mijinta ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar SDP tare da Babagana Kingibe, ranar 12 ga Yuni, 1993, talakawan Arewa sun yi masa ruwan ƙuri'a, har ya kayar da Bashir Tofa na NRC a jiharsa ta Kano. Gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen. Bayan shekara guda Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa, gwamnatin Janar Abacha ta kama shi a watan Yunin 1994, ta tuhume shi da cin amanar ƙasa.

A nan ne aka san wace ce Kudirat. Matar mai kuɗi ce, da ta ga dama da ta kwashi 'ya'yanta ta koma Landan ta yi zamanta, babu mai ganin laifinta. Ta ƙi. Ta mara wa ma'aikatan man fetur baya a yajin aikin da suka yi a 1994, ta shiga zanga-zanga, ta riƙa magana da 'yan jarida na gida da na waje tana cewa a saki mijinta, a ba shi abin da jama'a suka ba shi. A lokacin maza masu gemu sun yi gum, wasu sun tsallaka iyaka cikin dare. An rataye ɗan gwagwarmaya Ken Saro-Wiwa a watan Nuwamban 1995, kowa ya gane gwamnatin ba da wasa take ba. Ita kanta an kama ta an gurfanar da ita, ta fito ta ɗora daga inda ta tsaya.

Hafsat a lokacin ɗaliba ce, karatunta kawai ta sa gaba. Ta sha ba da labarin ranar da abin ya sauya mata. Tana wucewa a harabar jami'a sai ta tarar da wasu ɗalibai 'yan ƙungiyar Amnesty suna neman a sa hannu a wata takardar koke. Suka tare ta suna yi mata bayani cewa akwai wani zaɓaɓɓen shugaba a Nijeriya da sojoji suka kulle. Ba su san da wa suke magana ba. Ta gaya musu mahaifinta ne. Ga baƙi, waɗanda ba dangin iya ba na baba, sun tsaya suna nema wa ubanta 'yanci, ga kuma uwarta can gida ta sa ranta a gaba. Daga nan ta fara fita tana magana a tarurruka.

Sai aka kashe uwar. Uban yana tsare, ƙanne suna buƙatar mai riƙe su, gida kuma ba wurin komawa ba ne ga mai irin bakinta. Yarinyar da ba ta gama share hawaye ba ta zaɓi ta ci gaba da aikin da ya ci ran mahaifiyarta. Ta riƙa zagaya garuruwan Amurka tana gaya wa duk mai saurare abin da ke faruwa a ƙasarta, tana neman a matsa wa mulkin soja lamba. Ta kafa ƙungiya ta sa mata suna Kudirat Initiative for Democracy, wadda aka fi sani da KIND.

Wannan suna shi ne ya fi taɓa ni a duk labarin. Sunan Abiola a wancan zamani kuɗi ne da kansa, yana buɗe ƙofa a ko'ina. Da da shi ta yi amfani, da tallafi ya fi zuwa da sauri. Kuma mun san yadda abin yake a ƙasar nan: in an tashi rubuta tarihi, sunan maigida ake sawa, matar da ta tsaya masa a bar ta a matsayin "iyalinsa". Hafsat ta ƙi yarda a yi wa uwarta haka. Ta sa sunan a saman takarda, a bakin ƙofar ofis, yadda duk wanda zai yi hulɗa da ita sai ya furta shi. Mu da muka taso ana karanta mana hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci uwa sau uku kafin uba, ya kamata mu fi kowa gane girman wannan.

Ba ita kaɗai ta riƙe sunan ba. Gidan rediyon 'yan adawa da ke watsa shiri daga ƙetare ya koma Radio Kudirat. A 1998 birnin New York ya raɗa wa wata kusurwar titi da ke dab da ofishin jakadancin Nijeriya sunanta, duk da gwamnatin soja ta nuna ba ta so. A Ikeja, titin Oregun ya zama Kudirat Abiola Way.

Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni, 1998. Ana sa ran sakin Abiola, sai shi ma ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli. Cikin shekara biyu da wata ɗaya Hafsat ta rasa uwa da uba.

Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, wani zai ce aiki ya ƙare. Ita sai ta juya akalar ƙungiyar zuwa ga 'yan mata: horar da su shugabanci, koya musu tsayawa gaban jama'a su yi magana, da neman a ƙara wa mata kujeru a gwamnati. Abin da Kudirat ta koya da kanta a cikin wuta, 'yarta ta mai da shi darasi ga 'ya'yan wasu. A 2011 ta zama mai ba gwamnan Ogun shawara, a 2018 kuma ta zama shugabar ƙungiyar Women in Africa.

Shari'ar kisan Kudirat ta daɗe ana jan ta. A Janairun 2012 babbar kotun Legas ta yanke wa Manjo Hamza Al-Mustapha, babban dogarin Abacha, da wani mutum guda hukuncin kisa, a Yulin 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke su, ta ce hujjojin ba su gamsar ba. Kowa da ra'ayinsa kan siyasar wancan lokaci, amma babu ra'ayin da ya halatta a harbe uwar 'ya'ya bakwai a kan titi.

A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya mai da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, ya ba marigayi Abiola lambar GCFR, shekara 22 bayan kashe matar da ta ƙi bari a manta da wannan rana. Allah ya jiƙan Kudirat da direbanta, ya saka wa Hafsat da alheri.