FASHIN BAƘI: Yadda kanun labaran wasanni ke ɗauke da wariyar launin fata, ko da babu zagi a ciki

Ranar Alhamis 5 ga Disamba, 2019, jaridar wasanni ta Corriere dello Sport da ake bugawa a birnin Rum na Italiya ta fito da hotunan 'yan ƙwallo biyu a shafinta na farko: Romelu Lukaku na Inter Milan da Chris Smalling na Roma. A tsakaninsu an rubuta kalmomi biyu na Turanci da manyan haruffa, "Black Friday", wato Baƙar Juma'a. Washegari Juma'a ne ƙungiyoyin biyu za su kara a filin San Siro, kuma 'yan wasan biyu duk baƙar fata ne.

Asalin wannan suna na ranar karya farashin kaya ce a Amurka, wadda ta riga ta wuce da mako guda a shekarar. Abin da ya haɗa Lukaku da Smalling kuwa yana da yawa. Sun buga wa Manchester United tare, sun koma Italiya a wata guda, ga shi ɗaya ɗan gaba ne, ɗayan kuma mai tsaron baya da zai tare shi. Duk jaridar ta tsallake waɗannan, ta zaɓi launin fatarsu.

Lukaku ya ce yana cikin kanu mafi wauta da ya taɓa gani. Smalling ya nemi editoci su san nauyin ikon da ke hannunsu. Ƙungiyoyin Roma da AC Milan suka hana wakilan jaridar shiga filayen atisayensu har ƙarshen shekara. Jaridar ba ta nemi afuwa ba. Editanta, Ivan Zazzaroni, ya ce kanun ba shi da laifi, yabon bambanci ne, kuma washegari ta buga wani kanun tana tambayar wa ake kira mai wariya.

Hujjar jaridar tana da ɗan tushe, domin rubutun da ke ciki ya yabi 'yan wasan biyu a kan tsayuwarsu da yaƙi da wariya. Sai dai kanu ba ya tafiya tare da labarinsa. Mai wucewa ta gaban mai sayar da jarida kanun yake gani, haka mai duba waya a Facebook ko X, kuma da yawa daga nan suke tsayawa. Sannan akwai lokacin da aka buga shi. A watan Satumba na shekarar magoya bayan Cagliari sun yi wa Lukaku kukan biri yana shirin bugun fenareti, hukumar gasar kuma ba ta hukunta ƙungiyar ba. A watan Nuwamba Mario Balotelli ya ɗauki ƙwallo ya buga ta cikin 'yan kallo a Verona saboda irin wannan ihu. Editan da ke zaune a ƙasar da ake yin haka ba zai ce bai san yadda kalmar "baƙi" za ta sauka a kunnen jama'a ba.

Wanda ya rubuta labari ba shi ke sa kanu ba

A yawancin ɗakunan labarai wakili yana aika rahotonsa ne, wani edita dabam ya sa masa kanu, sau da yawa cikin dare, ana gaggawar kai jarida maɗaba'a ko riga sauran kafafe wallafawa. Shafukan wasanni a Ingila da Italiya da Amurka kuma suna da tsohuwar al'adar wasa da kalmomi, inda ake auna gwanintar edita da iya samo kalma mai harshen damo. A nan ake yawan zamewa.

Misalin da aka fi sani a Amurka shi ne na Jeremy Lin, ɗan ƙwallon kwando na New York Knicks wanda iyayensa 'yan Taiwan ne. A watan Fabrairu na 2012 ƙungiyarsa ta ci wasa bakwai a jere yana jagorantarta, sai New Orleans Hornets ta doke su. Shafin ESPN na wayar hannu ya sa kanun "Chink in the Armor". Karin magana ce ta Turanci mai nufin ɓaraka a jikin sulke, amma kalmarta ta farko tsohon zagi ne da ake yi wa Sinawa. Kanun ya yi kusan minti 35 kafin a cire shi. Kamfanin ya kori editan, ya kuma dakatar da wani mai gabatar da shiri na kwana 30 saboda ya furta kalmar a talbijin. Editan ya ce bai yi da nufi ba, Lin ma ya ce ya yafe.

Yana iya yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma hakan na nuna wata matsalar ce dabam: kanu irin wannan ya fita ba tare da idon da zai gane lahaninsa ya gan shi ba. Niyyar edita tana zuciyarsa, mai karatu kuwa abin da aka buga kaɗai ke gabansa.

Kanun da ba shi da kalmar da za a kama

Waɗannan biyun masu sauƙi ne, domin akwai kalmar da za a nuna da yatsa. Wanda ya fi wuyar kamawa, kuma ya fi yawa, shi ne irin wanda Raheem Sterling ya fallasa.

Ranar 8 ga Disamba, 2018, wasu magoya bayan Chelsea sun zazzagi Sterling a Stamford Bridge lokacin yana Manchester City. Daga baya Chelsea ta haramta wa ɗaya daga cikinsu shiga filinta har abada saboda kalaman wariya. Washegarin wasan Sterling bai tsaya kan mutanen ba. Ya wallafa kanu biyu na shafin intanet na Daily Mail a Instagram, duka a kan matasan 'yan wasan City da ya ce sun saya wa iyayensu mata gida.

Na farko a kan Tosin Adarabioyo ne, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Kanun ya ce matashi ɗan shekara 20 mai ɗaukar fam 25,000 a mako ya zubar da kuɗi a kan katafaren gida na fam miliyan 2.25, alhali bai taɓa fara wasa ko ɗaya a gasar Firimiya ba. Na biyu a kan Phil Foden ne, Bature, kuma ya ce tauraro mai tasowa ya saya wa mahaifiyarsa sabon gida na fam miliyan 2.

Kuɗin kusan ɗaya ne, ƙungiya ɗaya, shekarun ma kusa da juna. Ɗaya an nuna shi almubazzari ne da bai cancanci abin da yake samu ba, har da bayyana albashinsa. Ɗayan an nuna shi ɗa nagari. Abin da ya ƙara fito da bambancin shi ne Foden ma a lokacin bai taɓa fara wasan Firimiya ba, sai a watan Afrilu na 2019 ya fara, amma ba a ga dalilin sa wannan a kanunsa ba. Hujjar Sterling ita ce irin wannan rubutu ne ke rura wutar da ke tashi a bakin 'yan kallo.

Babu kalmar launi ko ɗaya a kanun Adarabioyo. In aka karanta shi shi kaɗai, labarin gulma ne irin na kullum. Sai an jera shi da ɗan'uwansa sannan abin ke bayyana, shi ya sa editoci ke iya musantawa cikin sauƙi, kowane kanu da uzurinsa.

Akwai alƙaluma da ke nuna cewa abin ya wuce tsautsayi, ko da yake a kan masu sharhin wasa aka tattara su. A 2020 kamfanin bincike na RunRepeat da ke Denmak, tare da ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon Ingila ta PFA, sun nazarci kalamai sama da 2,000 a wasanni 80 na manyan gasanni huɗu na Turai. Sun gano cewa fiye da kashi 60 cikin ɗari na yabon basira yana tafiya ne ga 'yan wasa masu hasken fata, yayin da maganar ƙarfin jiki ta ninka fiye da sau shida in ana batun masu duhun fata. Duk mai kallon ƙwallo a gidan kallo ya saba jin haka: wannan yana da ƙwaƙwalwa, wancan yana da gudu da ƙarfi.

Inda doka ta tsaya

Kundin ƙa'idojin editoci na Birtaniya, wanda hukumar IPSO ke aiki da shi, ya hana a sashe na 12 ambaton launin mutum ko ƙabilarsa ko addininsa ta hanyar ƙasƙanci, ya kuma ce kada a kawo su sai in suna da alaƙa ta gaskiya da labarin. Wannan ma'auni zai iya kama kanun da ya ambaci launi ƙarara. Ba zai kama na Adarabioyo ba, tun da ana duba ƙorafi ne a kan labari ɗaya, ba a jera labarai goma a ga wa ake yi wa wane irin suna.

Abin ya shafi masu karatu a Najeriya ta hanya mai sauƙin ganewa. Yawancin labaran ƙwallon Turai da ake karantawa da Hausa daga jaridun can ake fassaro su. Wasan kalmomi irin na "Black Friday" yakan mutu a fassara, don haka ba kasafai yake isowa ba. Amma kanun Adarabioyo yana ƙetarowa lafiya lau, da albashinsa da kuɗin gidansa da "alhali bai taɓa fara wasa ba", kuma mai fassara zai iya juya shi daidai, kalma da kalma, ba tare da ya taɓa ganin na Foden ba.