Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Faɗakarwa Kan Sauya Sunan Gidan Yana

Daga cikin mas'alolin da ke rikita masu gidajen yana a wannan zamani, musamman 'yan kasuwa da 'yan jarida waɗanda abincinsu ya rataya a kan yawan masu ziyara, akwai mas'alar sauya suna, wato mutum ya kwashe kayansa daga adireshin da aka san shi da shi ya koma wani mai kama da shi, ko don ya taƙaita sunan, ko don ya bar .com.ng ya koma .ng ko .com, ko kuwa don sai yanzu Allah ya hore masa sunan da ya daɗe yana nema. Galibin masu yin haka suna zaton tun da bambancin bai wuce harafi biyu ko uku ba, Google zai gane da kansa cewa gida ɗaya ne, ya bar musu matsayinsu a sakamakon bincike. Wannan zato kuwa kuskure ne, domin a wurin injin bincike sunaye biyu baƙin juna ne, ko da wasali ɗaya ne ya raba su.

Dalili shi ne, tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, asalin hikimarsu ita ce auna darajar shafi da shaidar da wasu suka yi masa: duk mahaɗin da wani gida ya sa mai kaiwa zuwa shafinka shaida ce a gare ka, nauyinta kuma gwargwadon mutuncin wanda ya bayar da ita. Ma'aunai sun yawaita bayan haka, amma wannan asali bai gushe ba. Abin lura a nan shi ne, ba da sunan mai gida aka rubuta shaidar ba, a kan adireshin kowane shafi take, ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka wanda ya ƙaura ba tare da hujja ba ya bar tarin shekaru a baya, sabon gidan nasa kuwa ya zama tamkar mai da'awar gado wanda ba shi da abin tabbatar da nasaba sai kamannin fuska.

Hujjar da ake karɓa lamba ce. Duk sa'ad da aka nemi shafi, sabar da ke riƙe da shi takan amsa da lamba: 200 idan yana nan, 404 idan ba a same shi ba, 302 idan an gusar da shi na ɗan lokaci, 301 kuwa idan ya yi ƙaurar da babu dawowa. Wannan ta ƙarshe ita ce ake so mai gida ya sa a kan tsohon adireshi, domin ita ke ɗaukar mai ziyara ta sauke shi a sabon wuri kafin ya ankara, kuma ita ke sanar da injin bincike cewa darajar tsohon shafi ta koma ga sabo. A da ana tsoron wani kaso na darajar yana zubewa a hanya, har Gary Illyes na Google ya bayyana a 2016 cewa turawa irin wannan ba ta rage ta.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan ne mafi yawa suke tuntuɓe: wajibi ne kowane shafi ya tura zuwa takwaransa. Idan mai sayar da kayan noma yana da shafin farashin takin zamani, wanda manoma suka saba samu a kan gaba in sun yi bincike, lalle ne tsohon adireshin wannan shafi ya kai mutum ga farashin taki a sabon gida, ba wani wuri ba. Wanda ya yi ƙyuya ya tura shafuka ɗari biyar gaba ɗaya zuwa shafin farko, Google na iya ɗaukar su duka a matsayin ɓatattu, darajarsu ta salwanta. Haka nan makaruhi ne a yi turawa a kan turawa, wannan ya miƙa wa wancan, wancan ya miƙa wa na gaba. A miƙe hanya ɗaya daga tsoho zuwa sabo. Jaridar Guardian ta Ingila, wadda ta bar guardian.co.uk ta koma theguardian.com a watan Yuli na 2013 saboda yawaitar masu karanta ta a ƙasashen waje, ta kwashe maƙalolin shekara da shekaru ne a kan wannan ƙa'ida, ta kuma riƙe tsohon sunan yana kai mutane sabon gida.

Kafin ranar ƙaura, ya kamata a binciki tarihin sabon sunan a taskar Wayback Machine, domin la'alla wani ya taɓa riƙe shi ya yi ha'inci da shi har aka hukunta shi. A rubuta jerin adireshin dukan shafuka, kowanne da takwaransa a gefe. A guji haɗa sauyin suna da sauyin fasali da na rubutu a lokaci guda, don in masu ziyara suka ragu a san musabbabi. A zaɓi lokacin da kasuwa ta lafa, gama mai sayar da kayan Salla ba ya tashi a goman ƙarshe na Azumi. Sannan a tabbata an cire alamar noindex, wadda maginan shafi kan sa lokacin gwaji don hana injin bincike lissafa shi, domin mantuwa da ita kaɗai ta isa ta ɓoye gida sukutum.

Bayan an ƙaura, sai a tabbatar da mallakar sunayen biyu a Google Search Console, a shigar da sanarwa ta sashen Change of Address, wadda aikinta kan ɗauki kwana 180, a miƙa sabuwar taswirar shafuka, a gyara mahaɗan cikin gida su daina bi ta tsohon suna, a kuma roƙi manyan gidajen da suka ambace ka su sabunta adireshi. Matsayi zai yi hawa da sauka, gida matsakaici kan ɗauki 'yan makonni kafin ya daidaita, babba kuwa fiye da haka. Wanda ya firgita ya warware aikin a tsakiya, shi ne ya tara wa kansa hasara biyu.

Ragowar amana ita ce tsohon suna. Google ya ba da shawarar a bar turawar ta ci gaba aƙalla shekara guda, amma mai hankali ba ya sakin sunan ko bayan haka, domin ranar da wa'adin rajistarsa ya ƙare aka sake shi, kowa na iya saye, ya riƙa karɓar masu ziyararka, har da wasiƙun da ake aiko maka ta tsohon adireshin imel. Saboda haka a rubuta ranar ƙarewar rajista a littafin ofis, a ɗora wa mutum ɗaya sananne alhakin biyan kuɗin sabuntawa kowace shekara. Allah ya sa mu dace.