Shekara 13 a lakwal: ina ta ƙarshen take shiga idan an ƙetare iyaka?

Yaron da aka sa lakwal a Urafan ko Kanambakashe, in bai taɓa maimaita aji ba, shekara 13 zai yi kafin bak ta shigo hannunsa: shida a firamare daga CI zuwa CM2, huɗu a kwaleji har ya ci birbe, uku a lise. Tsaransa na Daura ko Mashi shekara 12 yake yi ya zauna WAEC ko NECO. Daga nan sai lissafin ya juya. Ɗan Nijar ya shiga jami'a ya gama lisansi a shekara uku, ɗan Najeriya kuwa digirinsa na farko huɗu ne. Ka tara ta nan 16, ka tara ta can 16. Ƙasashen biyu zango guda suke sauka, sai dai kowace da inda ta ajiye shekara ta 13. Nijar ta bar ta a lise ta kira ta tarminal, Najeriya ta kai ta jami'a ta mai da ita ajin farko.

Muddin yaro yana cikin ƙasarsa, wannan bambanci ba ya hana shi barci. Ran da ya ƙetare iyaka ne maganar ke tashi. Mai bak da ya nufi Katsina ko Kano, za a ƙirga masa tarminal a sa shi aji biyu, ko za a ce ya koma ya faro? Mai WAEC da ya dawo gida Maraɗi, da me zai cike shekarar da ta rage masa?

A gundumomin Tasawa da Mayahi wannan ba tambayar ƴan tsiraru ba ce. Daga Korgom ko Hawandawaki ƙasar Katsina tana nan kusa, ita kuwa Yamai sai ka yi kusan kilomita 800 daga Tasawa. Cin rani ya daɗe yana kai magidanta Kano da Zariya da Legas, wasu sun zauna can sun hayayyafa, ƴaƴansu karatun Ingilishi suka yi. Wasu kuma suna nan gida, amma akwai kawu a Fagge ko gwaggo a Ƙofar Ƙaura da za ta riƙe yaro in ya samu jami'a. Kuma bak ɗin da ake magana ba abin wasa ba ce. A 2021 waɗanda suka ci a duk faɗin ƙasar ba su kai kashi 25 cikin ɗari ba. Yaron da ya fito daga ƙauyen Gulbin Kaba ya zauna gidan wani a gari shekara bakwai, ya ƙetare wannan siraɗi, an sayar da wake da aya da awaki kafin ya kai nan. Shekara guda a wurin iyayensa damina ce sukutum.

Duniya ta daɗe da gano cewa ƙarshen sakandare da farkon jami'a suna hawa kan juna, ta kuma yi wa abin tsari. A Amurka akwai jarrabawar AP, wadda hukumar College Board ke gudanarwa tun 1955: ɗalibi ya karanta darasi mai nauyin na jami'a yana sakandare, a ba shi maki daga 1 zuwa 5, jami'a ta duba ta yafe masa wannan darasin. Akwai IB da aka kafa a Janeba a 1968, mai darussa shida, kowane ana auna shi daga 1 zuwa 7. Akwai A-Level ta Ingila tun 1951. Abin da jami'a ke bayarwa shi ne kiredi, wato ma'aunin nauyin darasi wanda sai ɗalibi ya tara adadin da aka yanka kafin a ba shi digiri. Jihar Texas ta yi doka a 2005 cewa jami'o'in gwamnati su bai wa mai cikakkiyar takardar IB aƙalla kiredi 24, muddin bai gaza maki 4 a darussansa ba. Jami'ar McGill da ke Kanada tana bai wa mai bak ta Faransa har kiredi 30, shekara guda ke nan. A Sikotilan, inda digiri ke cin shekara huɗu, mai kyakkyawan sakamakon A-Level yana iya farawa daga shekara ta biyu.

Abin lura a nan shi ne yadda suke yi. Ba a kallon takarda a ce ta yi kyau ko ba ta yi ba. Jadawali ake bugawa kowa ya gani: darasi kaza, a mataki kaza, da maki kaza, ya tsaya a madadin darasi kaza na jami'a, kuma ga iyakar abin da za a yafe. Yaro yana sakandare ya san abin da zai samu. Sai dai a yankinmu masu cin moriyar wannan tsari ƴaƴan masu hali ne, domin makarantun da ke koyar da IB da A-Level a Legas da Abuja kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Ita kuwa bak, wadda aka ƙirƙira a Faransa a 1808 a matsayin matakin farko na jami'a, ɗan manomi a Mayahi yana zaunanta a lisen gwamnati. A ganina ita ce jarrabawar share fagen jami'a ta talakan Sahel, kuma ta cancanci a auna ta da mudun da ake auna sauran.

Najeriya ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Kafin tsarin 6-3-3-4 na farkon shekarun 1980, ɗalibi yakan yi shekara biyu ta HSC bayan sakandare, sannan ya yi digiri a shekara uku. Ragowar wancan zamani ita ce shigar kai tsaye, wadda ɗalibai ke ce wa DE. Hukumar JAMB, da aka kafa a 1978, tana karɓar mai A-Level, da mai IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita tun 1976, da mai JUPEB, da mai NCE ko difloma, a sa shi aji biyu. Ƙa'idar hukumar jami'o'i ta NUC ma ta fayyace farashin abin: wanda ya shiga ta jarrabawar UTME sai ya tara aƙalla kiredi 120 a digirin shekara huɗu, mai DE kuwa 90. Ashe ƙofar tana nan, kuma an san faɗinta.

Matsalar mai bak ita ce hanyar zuwa bakin ƙofar. Takardarsa da Faransanci take, sai an fassara. Sai ta je sashen tantance takardun waje na ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja. Jami'a kuma za ta nemi daidai da cin darussa biyar na sakandare, ciki har da Ingilishi, sannan hukuncin ƙarshe nata ne, kowace da nata sharaɗi. Ma'aikacin da ke karɓar takardu ya saba da A1 zuwa F9. In ya ga 12 bisa 20 sai ya ɗauka sakamako ne na tsaka-tsaki, alhali a lise wanda ya haɗa 12 a jimla ya fita da yabo, 14 kuwa sai ƙalilan. Ganin wannan dogon zagaye, wasu sukan haƙura su yi rajistar WAEC ta masu zaman kansu, su zauna UTME, su fara daga ajin farko. Yaron da ya yi seri C ko seri D, ya sha lissafi da kimiyyar lissafi da ta sinadarai a tarminal, sai ya koma yana maimaita abin da ya sani da wani harshe.

Ba zan ce babu giɓi ba. Akwai, kuma harshe ne. Ingilishin da ake koya daga aji na farko na kwaleji har tarminal bai isa mutum ya bi lacca a Jami'ar Bayero ya rubuta rahoton ɗakin gwaji ba. Amma maganin ƙarancin Ingilishi karatun Ingilishi ne, na wata shida ko abin da ya sawwaƙa, da jarrabawarsa ta kansa. Sa yaro ya sake lissafin da ya ci ba ya ƙara masa Ingilishi yadda ya kamata, kuma yana cinye masa shekara. A raba abin biyu: a gwada harshe dabam, a ƙirga ilimi dabam.

Dole kuma a yi wa jami'o'in Najeriya adalci, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. JAMB ta taɓa bayyana cewa cikin takardu 148 da aka kai Jami'ar Bayero neman shigar kai tsaye, da aka bi diddigi, shida ne kaɗai na gaskiya. A ƙarshen 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida bai zauna aji ba. Da shigar Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, kuma ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ambaci Nijar cikin ƙasashen da binciken zai leƙa. Tun daga nan duk takardar Faransanci ta shiga zargi. Amma bak ba makaranta ce ke bayar da ita ba. Jarrabawa ce ta ƙasa, rana guda, tambayoyi guda, ofis guda a Yamai, wato OBEECS, wanda kuma shi ne aka ɗora wa aikin daidaita takardun waje. Sunan duk wanda ya ci yana cikin kundinsa. In da JAMB za ta iya tambayar wannan ofis kai tsaye ta intanet, da mai jabu bai samu kafa ba, mai gaskiya kuma bai yi jira ba.

Ta ɗaya ɓangaren abin ya fi nauyi, kuma an fi mantawa da shi. Yarinyar da aka haifa a Kano, iyayenta ƴan Maijirgi, ta gama WAEC, aka dawo gida. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, wadda ta zama jami'a a 2010, tana bin tsarin LMD da ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007: kiredi 60 a shekara, 180 a lisansi, kuma ƙofarsa bak ce ko abin da ya yi daidai da ita. Yarinyar nan shekara 12 ta yi a makaranta, ba ta da Faransanci. A nan gaskiya ita ce da sauranta, kuma bai kamata a ɓoye mata ba. Abin da take bukata shekarar share fage ce a cikin jami'a, irin wadda IJMB ke yi a can, ba a tura ta lise ta zauna da ƙannenta ba. Cewa masu WAEC suna iya karatu a Maraɗi ba sabon labari ba ne. Jami'ar Maryam Abacha, mai zaman kanta, tun 2013 take karɓar ɗalibai daga arewacin Najeriya tana koyar da su da Ingilishi. Amma mai kuɗi ne ke shiga. Tunda kundin da Nijar ta ƙaddamar a Maris 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, ya kuma jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, jami'ar gwamnati ba ta da hujjar kallon karatun Ingilishi kamar baƙo.

Yarjejeniyoyi kam akwai su. CAMES, da aka yanke shawarar kafawa a Yamai a 1968, tana daidaita takardu tsakanin ƙasashe rainon Faransa, amma Najeriya ba ta ciki. CEDEAO ta yi tata yarjejeniyar a 2003, ga shi Nijar ta fice a Janairun 2025. Akwai ta Addis Ababa ta 2014, wadda ta ce a amince da takarda sai in an nuna babban bambanci. Abin da ya rage a tsakaninmu kai tsaye shi ne Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijar da Najeriya, mai mazauni a Yamai tun 1971.

Duk sanda na zo nan sai Abdou Moumouni Dioffo ya faɗo mini a rai. A Tasawa aka haife shi a 1929. Ya yi Damagaram da Yamai, ya wuce makarantar William Ponty da Dakar, ya kai Faris, ya ci agregasiyo a kimiyyar lissafi a 1956, daga baya ya shugabanci jami'ar Yamai wadda yau take ɗauke da sunansa. A kowane zango takardarsa ta baya ta buɗe masa na gaba, domin tsarin guda ne daga Nijar har Faransa. An shimfiɗa wa karatunmu hanya zuwa teku da ƙetaren teku, ba a shimfiɗa ta zuwa Katsina ba, garin da har yau Sarkin Maraɗi ke amsa sunansa. Shi kansa a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya yi kira a sake gina makaranta bisa bukatar mutanen ƙasa da harsunansu.

Ɗan canji a Jibiya yana juya sefa zuwa naira cikin ƙiftawar ido, saboda kowa ya san farashin ranar. Abin da takardun karatu suka rasa ke nan. Ba sai an jira taron shugabanni ba. Malaman lissafi da kimiyya na jami'ar Maraɗi su zauna da takwarorinsu na jami'o'in Umaru Musa Yar'adua da Dutsin-Ma da Bayero, a ɗora manhajar tarminal kusa da ta ajin farko, a bi ta babi-babi. Inda suka yi daidai a yafe, a yanka maki, a ce 12 bisa 20 a darasin kansa. Inda ba su yi ba, kamar aikin ɗakin gwaji da lisen karkara ke fama da rashin kayansa, a faɗa a fili, ɗalibi ya yi. Sannan a buga jadawalin da Hausa da Faransanci da Ingilishi, a liƙa a ofishin shugaban kowace lise a Tasawa da Mayahi kafin yara su zaɓi seri.

In ana neman inda za a fara, ni zan ce da ɗaliban faranko-arab. Tun madarasar Sayi ta 1957 Nijar take da wannan layi, yana kuma kaiwa har bak da Jami'ar Musulunci ta Sayi da aka buɗe a 1986. Sashen Larabci a Kano ko Sakkwato da Larabci yake koyarwa, nahawu da balaga da adabi kuwa littattafan guda ne a ɓangarorin biyu. A nan shingen harshe ya ragu ƙwarai, malamai za su iya kwatanta manhaja ba tare da tafinta ba, kuma Najeriya tana da hukumar NBAIS mai jarrabawar Larabci da addini wadda za a iya jera sakamakonta da na bak. In an gwada da rukunin farko, a bi sakamakonsu a aji biyu shekara biyu ko uku, alƙaluman da za su fito su ne za a kai wa sashen kimiyya da na likitanci.